Labaran Al'ajabi, Na Kimiyya Da Na Ban Tsoro: Inda Mai Karatu Zai Dosa A Intanet

A watan Fabrairun 2023, wata mujallar ƙagaggun labaran kimiyya da ke Amurka mai suna Clarkesworld ta dakatar da karɓar labarai daga marubuta na ɗan lokaci. Editanta, Neil Clarke, ya bayyana cewa a cikin wannan wata kaɗai an turo musu labarai sama da 500 waɗanda manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka harhaɗa, masu turowar kuma suna fatan a ɗauka su suka rubuta, a biya su. Ma'aikatan mujallar suka rasa lokacin karanta aikin marubutan gaskiya saboda tsince tsakuwa daga cikin shinkafa.

Abin da ya sami wannan edita shi ne yake samun duk wanda ya ɗauki waya yana neman labarin da zai karanta. Labarai sun yi yawa, mafi yawansu kyauta ne, kuma da dama daga cikinsu ba su cancanci datar da aka ƙona wajen buɗe su ba. Saboda haka shawarar da ta fi kowace amfani ga mai son irin wannan adabi ita ce ya san wuraren da ake da edita, wato mutumin da yake karanta ɗaruruwan labarai ya zaɓi 'yan kaɗan, ya gyara su tare da marubucin, ya biya shi haƙƙinsa, sannan ya sa sunan mujallarsa a kai. Irin waɗannan wurare suna nan, yawancinsu ba sa karɓar ko sisi daga mai karatu, kuma 'yan Najeriya sun yi fice a cikinsu fiye da yadda aka sani a gida.

Rabe-raben guda uku

Masu nazarin adabi sukan kasa wannan fage gida uku, ko da yake iyakokin sukan shiga juna. Labarin al'ajabi shi ne wanda aka gina a kan abin da hankali bai saba da shi ba kuma ba a nemi a bayyana shi da ilimin zahiri ba: aljanu, tsafi, dabbobi masu magana, biranen da babu su a taswira. Ƙagaggen labarin kimiyya kuwa yakan ɗauki wani ilimi ko wata na'ura ko wani yanayi da ake ciki, ya tambaya: idan abin nan ya ci gaba haka, ina za a kwana? Shi kuma labarin ban tsoro ba a gane shi da kayan da ke cikinsa, sai da abin da yake haifarwa a zuciyar mai karatu. Yana iya zuwa da fatalwa, yana iya zuwa da maƙwabci mai fara'a.

Bahaushe ba baƙo ba ne a ko ɗaya daga cikin ukun. Wanda ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo ya riga ya san ƙa'idar labarin al'ajabi tun kafin ya iya karatu. Daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda neman ruwan magani ya kai jarumin har hulɗa da aljanu, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya faro da yaƙin Turawa ya zarce zuwa duniyar aljanu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi wannan sahu. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka yawo, littafin da ake yawan ambata a matsayin farkon ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa. Daga baya kasuwar littattafan Kano ta cika da littattafan yaƙi da na matsafa, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih. Abin da ya sauya a yau shi ne wurin da ake samun labaran da kuma harshen da mafi yawansu suke ciki. Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce kusan duk abin da za a ambata a ƙasa da Turanci yake.

A fara daga gida

Wurin da ya fi dacewa ɗan Najeriya ya fara shi ne Omenana, mujallar da Mazi Chiagozie Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa a 2014 domin marubutan Afirka da 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare. Kyauta ake karanta ta, tsofaffin fitowarta suna nan a ajiye, kuma kowane labari yakan zo da zane. Ba kowane labari da ke cikinta ne ya kai gwaninta ba, domin mujalla ce da take ba sababbin hannu dama, amma da yawa daga cikin sunayen da suka yi tashe daga baya a nan aka fara ganinsu. Fa'idarta babba ita ce mai karatu ba ya bukatar a yi masa bayanin mene ne ɗan acaba, ko me ya sa jarumin yake fargabar ɗauke wuta a tsakiyar aiki.

Wanda yake son abu guda da zai sauke a wayarsa ya karanta ba tare da intanet ba, sai ya nemi kundin Africanfuturism: An Anthology, wanda Wole Talabi ya tace, mujallar Brittle Paper ta fitar kyauta a 2020. Labarai takwas ne daga marubuta irin su Nnedi Okorafor, T.L. Huchu na Zimbabwe, Dilman Dila na Yuganda, Tlotlo Tsamaase ta Botswana da Rafeeat Aliyu ta Najeriya. Kalmar da aka sa wa kundin Okorafor ce ta yayata ta, domin bambanta labarin gobe da aka kafa a kan tarihi da al'adun Afirka kanta daga wanda ya taso daga rayuwar baƙaƙen fatar Amurka.

Ita Okorafor, wadda aka haifa a Amurka iyayenta kuma 'yan ƙabilar Ibo ne, an fi saninta da Binti, wanda ya ci lambobin Hugo da Nebula a 2016, manyan lambobin yabo biyu na wannan fage. Binti na sayarwa ne. Amma akwai gajeren labarinta Spider the Artist a shafin mujallar Lightspeed, kuma a ganina ya fi dacewa da wanda zai fara. A yankin Neja Delta aka kafa shi, a wani zamani da kamfanonin mai suka zuba mutum-mutumi masu siffar gizo-gizo su yi gadin bututu, suna hallaka duk wanda ya taɓa shi. Wata mata da mijinta yake dukanta takan fita bayan gida da dare, kusa da bututun, tana kaɗa jitar mahaifinta, sai ɗaya daga cikin na'urorin ta fara zuwa saurare. Duk wanda ya taɓa jin labarin fashewar bututu da mutanen da suka je kwasar mai suka ƙone zai gane cewa ƙagen da ke cikin labarin kaɗan ne. Ga masu sayen littafi, marubuciyar tana da biyu da suka shafi yankinmu kai tsaye: The Shadow Speaker na 2007, wanda aka kafa a Jamhuriyar Nijar ta shekarar 2070, da Noor na 2021, inda wani makiyayi Bafulatani yake cikin manyan taurarin labarin a arewacin Najeriya.

Sai O2 Arena na Oghenechovwe Donald Ekpeki, wanda ya fito a mujallar Galaxy's Edge a 2021, Apex Magazine ta sake buga shi, ya kuma ci lambar Nebula a 2022. A Najeriyar da ya zana, iska ta gurɓace har iskar shaƙa ta zama haja, ana saye ana sayarwa, ita ce ma kuɗin. Wani ɗalibin lauya ya shiga fagen dambe na a-mutu-ko-a-yi-rai domin ya samo wa abokiyarsa mai cutar daji abin da za ta shaƙa. Rubutun yana da kaushi, wani wuri ma fushin marubucin yakan rinjayi labarin, amma wanda ya taɓa yawon neman tukunyar iskar oksijin domin majinyacinsa ba zai karanta shi da sanyin rai ba.

Hanya mai sauƙi ta gano sauran ita ce bin jerin waɗanda aka zaɓa domin lambar Nommo, wadda ƙungiyar marubutan wannan fage ta Afirka ta fara bayarwa a 2017. A shekarar farko Rosewater na Tade Thompson ne ya ci rukunin dogon labari, littafin da ya kafa a Najeriyar 2066 bayan saukar wata halitta daga wata duniya, wanda kuma ya ci lambar Arthur C. Clarke ta Birtaniya a 2019. Gajerun labaran da ke shiga jerin Nommo yawanci a mujallun kyauta suka fito, don haka rubuta sunan labari da na marubuci a manhajar bincike ya isa.

Manyan mujallun ƙetare

Clarkesworld da aka ambata a farko tana fitowa kowane wata tun Oktoban 2006, kuma duk abin da ta taɓa bugawa yana nan a buɗe. Ta fi karkata ga labaran kimiyya, ta kuma yi suna wajen fassaro labarai daga Sinanci. Mai neman abu mai sauƙi da ban dariya ya gwada Cat Pictures Please na Naomi Kritzer, wanda ya ci Hugo a 2016: wata basirar na'ura ce ta farka a cikin manhajar bincike, ta san sirrin kowa, ba ta da burin mulkar duniya, abin da take so kawai shi ne ta taimaki mutane su gyara rayuwarsu, a biya ta da hotunan kyanwa. Matsalarta ita ce ɗan Adam ba ya jin shawara.

Uncanny, wadda aka kafa a 2014, ita ce ta buga fassarar Folding Beijing na marubuciyar ƙasar Sin Hao Jingfang, wanda Ken Liu ya mayar Turanci. A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin labarin misali ne na abin da wannan adabi yake iya yi wanda rahoton jarida ba zai iya ba. An sake gina birnin Beijing yadda yake naɗewa ya shige ƙasa wani ɓangaren ya fito, mazauna kuma an kasa su uku suna karɓa-karɓar sa'o'i 48. Mutum miliyan 5 na rukunin farko suna da sa'o'i 24 cur. Miliyan 25 na rukuni na biyu suna da 16. Miliyan 50 na rukuni na uku, waɗanda da yawansu masu aikin shara ne, sa'o'i 8 na dare kawai suke da su, sauran lokacin a barci suke. Jarumin, Lao Dao, ma'aikacin shara ne da ya yarda ya tsallaka iyaka a ɓoye ya kai wasiƙar soyayya, don ya sami kuɗin sa 'yar da yake riƙo a makarantar yara mai kyau. Babu juyin juya hali a ƙarshe, babu jarumtaka. Mutum ne ya ga yadda aka raba har hasken rana, ya koma bakin aikinsa. Labarin ya ci Hugo a 2016.

Lightspeed, wadda John Joseph Adams ya fara a 2010, tana haɗa labaran kimiyya da na al'ajabi, tana kuma sake buga tsofaffin da suka yi fice. A can ake samun Exhalation na Ted Chiang, inda wani masani daga cikin wasu halittun ƙarfe masu rayuwa da matsin iska ya buɗe ƙwaƙwalwarsa da hannunsa don ya gano dalilin da agogunan garinsu suke neman yin sauri, sai ya gano cewa tunaninsu ne yake raguwa, duniyarsu kuma tana da wa'adi. Ɗalibin kimiyyar lissafi da fiziya zai ji daɗinsa ninki biyu. Strange Horizons kuwa ta girme su duka, tun 2000 take fitowa, masu aikin sa kai ne suke tafiyar da ita da gudummawar masu karatu. Ban da labarai tana da sharhin littattafai mai zurfi, kuma a can ne Geoff Ryman ya ci gaba da jerin hirarrakinsa da marubutan Afirka ɗari, wanda ya kai shi har biranen Najeriya.

Masu son aljanu

Wanda ya saba da Dare Dubu Da Ɗaya yana da rabo na musamman a shafin Reactor, wanda aka sani da Tor.com daga 2008 har zuwa farkon 2024 da aka sauya masa suna. A can P. Djèlí Clark ya fitar da A Dead Djinn in Cairo a 2016. Alƙahira ce ta 1912, amma a wani tarihi na dabam: shekara arba'in kafin nan wani shehi ya huda shamakin da ke tsakanin mutane da aljanu, Masar ta kori Turawan Ingila da taimakonsu ta zama babbar daula, har gwamnati ta kafa ma'aikatar kula da al'amuran sihiri. An tsinci gawar wani aljani, aka turo jami'ar bincike Fatma el-Sha'arawi. Labarin ɗan sanda ne a cikin rigar tatsuniya, kuma yana da saurin tafiya. A shafin dai akwai The Pauper Prince and the Eucalyptus Jinn na Usman T. Malik, likita ɗan Pakistan, game da wani matashi a Amurka da ya bi diddigin labarin da kakansa yake bayarwa na wata gimbiyar gidan sarautar Mughal mai sayar da shayi a Lahore da aljanin da ke zaune a bishiyar turare yana tsaron ta. Ya fi na farko tsawo da nauyi, ya kuma fi shi taɓa zuciya.

Ya dace a faɗa a fili cewa waɗannan marubuta suna ɗaukar aljani a matsayin kayan ƙaga labari, suna ba shi siffa da tarihi yadda suka ga dama. Ba littattafan aƙida ba ne, ba su kuma yi da'awar haka ba, kamar yadda ba wanda ya taɓa ɗaukar Ruwan Bagaja a matsayin littafin tauhidi. Ga mai son takuba da sarakuna da ƙasashen da aka ƙirƙira ɗungurungum, irin ɗanɗanon littattafan yaƙi na Kano, Beneath Ceaseless Skies ce tasa. Tun 2008 take wannan aiki kaɗai.

Na ban tsoro

A nan ne aka fi bukatar edita, domin a nan ne shara ta fi yawa. Intanet cike yake da gajerun labaran firgitarwa da ba a san marubutansu ba, ana ta kwafa ana turawa, galibinsu jini ne da ihu ba tare da wani gini ba. Mujallu biyu sun isa mafari: Nightmare, ƙanwar Lightspeed da ta fara fitowa a 2012, da The Dark, da ta biyo baya a 2013, wadda ta buga marubutan Afirka da dama, ciki har da Tobi Ogundiran. A Nightmare ne 'Pemi Aguda ta fitar da Things Boys Do a 2020, labarin wasu maza uku da matansu suka haifi 'ya'ya maza, kowanne kuma ya dubi jaririnsa ya ji tsoro ya kama shi, saboda wani abu da suka aikata tare tun suna yara.

Amma idan labari guda za a zaɓa, Who Will Greet You at Home na Lesley Nneka Arimah ne, wanda mujallar The New Yorker ta buga a 2015. A duniyar labarin, mace takan ƙera jaririnta da hannunta daga abin da ta samu, ko yumɓu ko zare ko rafiya, wata dattijuwa ta sa masa albarka, ta raine shi shekara guda kafin ya zama mutum. 'Ya'yan masu hali da kaya masu ƙwari ake yin su. Ogechi, yarinyar da ke aiki a shagon gyaran gashi, ba ta da abin biya sai farin cikinta da tausayinta, waɗanda uwar ɗakinta take karɓa kaɗan-kaɗan a madadin kuɗi. Da ta gaji da 'ya'yan da ke lalacewa, sai ta tattara gashin da aka share a shago ta yi jariri da shi, abin da aka hana. Jaririn ya zo da yunwa. Tsoron da ke cikin labarin daga talauci da matsin da ake yi wa mace kan haihuwa ya fito, shi ya sa yake daɗewa a rai. The New Yorker takan ƙayyade yawan abin da za a karanta kyauta, don haka gara a buɗe shi kai tsaye. Arimah ta ci lambar Caine a 2019 da wani labarin, Skinned. Cikin jerin wannan lamba na 2013 kuma akwai The Whispering Trees na Abubakar Adam Ibrahim, game da saurayin da ya makance a hatsarin mota ya fara ganin abin da masu ido ba sa gani.

Iyaye su lura: waɗannan mujallu na manya ne. Akwai zubar da jini, akwai batsa a wasu labaran, akwai kuma ra'ayoyi kan aure da jinsi da addini da suka saɓa wa tarbiyyar yawancin gidajenmu. Strange Horizons takan sa gargaɗi a saman labari game da abin da ke ciki, wasu ma suna yin haka, amma ba duka ba. Kada a miƙa wa yaro waya da sunan ai tatsuniya ce.

Tsofaffin da ba su tsufa ba

Littattafan da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna Project Gutenberg, taskar da Michael Hart ya fara a 1971, wadda yanzu take da littattafai sama da 70,000. A can ake samun Frankenstein na Mary Shelley na 1818, wanda ta fara rubutawa tana da shekara 18. Frankenstein sunan masanin da ya yi halittar ne, ita halittar ba ta da suna, kuma littafin ya fi karkata ga tambayar alhakin da ke kan wanda ya ƙirƙiro abu ya gudu ya bar shi. Akwai The Time Machine na 1895 da The War of the Worlds na 1898, duka na H.G. Wells. Na biyun ya juya wa Ingila tarihi ne, ya sa ta ɗanɗani mamayar wanda ya fi ta makami, a daidai lokacin da take mamaye ƙasashen wasu, 'yan shekaru kafin dakarunta su iso Kano da Sakkwato a 1903. Akwai Dracula na Bram Stoker na 1897, da labaran Edgar Allan Poe, da The Monkey's Paw na W.W. Jacobs na 1902, wanda za a iya gamawa a zama guda: tsoho ya roƙi fam 200 daga wani dagin biri mai biyan buƙata uku, ya kuwa samu, a matsayin diyyar ɗansa da injin masana'anta ya kashe.

Wani gajeren labari da ya kamata a fi saninsa a nan shi ne Sultana's Dream, wanda Rokeya Sakhawat Hossain, Musulma 'yar Bengal, ta buga da Turanci a 1905. Ta yi mafarkin ƙasar da maza ne suke kulle a gida, mata suna mulki, suna girki da zafin rana da suka tara, suna tafiya a motoci masu tashi. Barkwanci ne mai cizo, daga matar da ta ƙare rayuwarta tana gina makarantar 'ya'ya mata.

Duk mai bin wannan fage zai ci karo da sunan H.P. Lovecraft, Ba'amurken da ya yi tasiri ƙwarai a labaran ban tsoro. Ya kamata a shiga rubutunsa da sanin cewa mutum ne mai tsananin ƙyamar baƙar fata, kuma hakan ya fito a aikinsa. Kan wannan dalili ne aka daina amfani da siffarsa a matsayin kambun lambar World Fantasy bayan 2015, bayan ƙorafin marubuta da suka haɗa da Okorafor, wadda ta ci lambar a 2011.

Data, kunne da haƙƙin marubuci

Rubutu zalla ba ya cin data kamar bidiyo, kuma yawancin manhajojin shiga intanet suna ba da damar ajiye shafi a karanta daga baya. Wanda Turancinsa na ji ya fi na karatu, ko mai doguwar tafiya a mota, yana da Escape Pod na labaran kimiyya tun 2005, PseudoPod na ban tsoro tun 2006, da PodCastle na al'ajabi tun 2008, inda ake karanta labarai da murya kyauta. Clarkesworld ma tana karanta nata. Bin rubutu da ido alhali ana sauraron mai karantawa hanya ce mai kyau ta ƙarfafa harshe.

Duk wuraren nan halal ne, da yardar marubuta aka sa labaran. Wannan ya bambanta su da kwafin littattafan da ake yawo da su a WhatsApp da Telegram. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, kuma marubutan Hausa, waɗanda ake kwafe littattafansu a raba tun kafin su mayar da kuɗin bugu, sun fi kowa sanin zafin abin.

Da Hausa fa?

Akwai marubutan Hausa masu yawa a Wattpad da manhajojin sayar da littattafai, akwai kuma masu karanta littattafai da murya a YouTube, cikinsu har da labaran aljanu da matsafa da mayu. Ana samun masu kyau. Sai dai marubucin shi ne editan kansa, shi ne mai tallan kansa, kuma tsarin sakin labari shafi-shafi yakan sa a ja abin da zai ƙare a babi goma ya kai babi tamanin. Labarin kimiyya kuwa, irin wanda Umaru Dembo ya gwada fiye da shekara hamsin da suka wuce, ya yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da na soyayya, alhali kayan gina shi suna ko'ina: ƙafewar Tafkin Chadi, kwararowar hamada, rikicin noma da kiwo, jirage marasa matuƙa a sararin arewa.

Abin da ake iya yi ya bayyana a 2016, lokacin da ƙungiyar marubuta ta Jalada Africa ta ɗauki wata tatsuniya da marigayi Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya rubuta da harshensa na Kikuyu, kan gardamar da ta ɓarke tsakanin hannuwa da ƙafafu da dalilin da ya sa mutum yake tafiya a miƙe, ta sa aka fassara ta zuwa harsunan Afirka sama da 30 a tashin farko, har da Hausa. Tana nan a shafinsu kyauta. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Strange Horizons ta buɗe wani reshe mai suna Samovar a 2017, wanda aikinsa shi ne buga labaran da aka rubuta da wasu harsuna, asalin rubutun da fassararsa ta Turanci tare, a kuma biya marubuci da mai fassara. Ƙungiyar marubutan wannan fage ta Amurka ta sa senti 8 a kan kowace kalma a matsayin mafi ƙarancin farashin ƙwararru a 2019, wato dala 320 ke nan a labari mai kalma 4,000, kuma manyan mujallun da aka ambata sukan bayyana farashinsu da ƙa'idojin turo labari a shafukansu. Ba a biyan kuɗi kafin a tura musu labari. Duk wanda ya nemi marubuci ya biya kafin a duba aikinsa da sunan ɗaya daga cikinsu, ɗan damfara ne.